Muna ɗaukar Kano a waya, amma wa ke ajiye ta?

A watan Janairun 2013 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Kafin wannan lokaci babu abin da ya fi acaɓa yawa a titunan birnin: a Bata, a Ƙofar Wambai, a bakin Kantin Kwari, ko'ina ka waiga su ne, da hayaƙinsu da hon ɗinsu da yadda suke kiran fasinja da ɗaga kai kawai. Cikin kwanaki kaɗan aka wayi gari babu su, Adaidaita Sahu ta maye gurbi. Yau ka nemi bidiyo na minti goma wanda ya nuna yadda wata mahadar titi take da 'yan acaɓa da ƙarfe takwas na safe, da sautinsa yadda yake, an rubuta rana da wuri, ka ga wahalar da za ka sha. Kuma a lokacin akwai wayoyi masu kyamara. Ba wanda ya ɗauka ne kawai, don ba wanda ya ga abin ɗauka a cikin abin da ido ya saba da shi.

Haka ta faru da dalar gyaɗa. Hotunan da ake ta yawo da su kusan duk baƙi ne suka ɗauka, daga nesa, don dalar ce ta burge su. 'Yan dakon da suka riƙa hawa da buhu a ka, da waƙar da suke yi, da yadda ake kafa gindin dala har ta kai tsini ba ta rushe ba, duk sun tafi da masu su. Waccan tsarar tana da uzuri, kyamara ba ta hannunta. Mu ba mu da shi.

Ra'ayina shi ne, bidiyon da zai yi wa Kano amfani nan da shekara talatin ba na ranar ado ba ne kaɗai, na ranar Talata ne da ba a yi komai ba. Kuma ko wanne ne, in ba a ɗauke shi da nutsuwa ba, ba a nemi izinin mutanen ciki ba, ba a rubuta masa rana da wuri ba, ba a ajiye shi inda zai kwana ba, to daidai yake da ba a ɗauka ba.

A fara da hawan sallah, tunda nan kowa yake zaro waya. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A daidai wannan tsakanin kuma, saboda rikicin sarautar da ya taso a 2024, an sha dakatar da hawan, kamar yadda annobar korona ta tsayar da shi a 2020. Wato abin da muke ganin kamar ba zai taɓa fashi ba ya yi fashi a gabanmu. Duk da haka ka duba bidiyoyin Hawan Daushe da ke yawo: dubban wayoyi, kusan duk abu ɗaya suka ɗauka, laimar sarki daga nesa, hoto yana rawa, an ja zum har fuska ta dagargaje, an ɗora waƙa a kai ta danne kakaki da algaita da tambari. Wa ya je gidan hakimi tun da hantsi ya ɗauki yadda ake ɗaura wa doki lifidi? Wa ya zauna da mai naɗa rawani ya ga zagaye nawa ake yi kafin a fitar da kunnuwa, ko ya tambayi zagi tun yaushe gidansu ke wannan aiki? Hawan yana ƙarewa a Ƙofar Kudu da jafi, amma tun kwanaki kafin nan ya fara, a wurin dukawa da maɗinka da bargar dawaki, kuma can ne babu cunkoso, babu dogarin da zai kore ka, in dai ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka.

In kuwa filin ka nufa, akwai abubuwan da ke ɓata aiki kowace shekara. Na farko zirga-zirga. Ka zaɓi wuri ɗaya tun awa biyu kafin a fara, rana tana bayanka, ka tsaya. Hawan Daushe da yamma ake yi, don haka mai fuskantar yamma inuwar mahaya kawai zai samu. Kada ka bi doki da waya, ka kafa ta, doki ya shigo hoton ya fita da kansa. Na biyu fararen kaya. Babbar riga fara a cikin rana tana ruɗar waya, sai ta rage haske har fuskar mai rigar ta koma baƙi ƙirin, ko kuma ta buɗe har aikin rigar ya ɓace. Maganinsa ka danna yatsa a kan fuska ka riƙe har wayar ta kulle haske da saiti, sannan ka ɗan ja hasken ƙasa kaɗan. Na uku 'yan bindiga. Ƙarar bindigar tana fasa sauti, kuma tana firgita mai riƙe da waya, don haka ka matsa nesa da su ka haɗe gwiwar hannu da haƙarƙari. Jirgi marar matuƙi kuwa a bar wa masu izini. Dokar Najeriya ta ce sai da amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sannan ƙugin sa a kan dawakin da ke sukuwa cikin jama'a ba abin wasa ba ne.

Amma na ce ranar Talata ta fi. Je ka marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Kowa ya je yana ɗaukar ramuka daga sama da wani dattijo yana tsoma zane, shi ke nan, minti ɗaya ya tafi. Aikin kuwa ba a nan yake ba. Yana wurin haɗa baba da toka da katsi, da kwanakin da ake jira ruwan ya nuna, da yadda marini yake gane ya nuna daga kumfa da wari. Ka kafa waya kusa da bakin ramin ka ga abin da ke faruwa idan an ɗago zane: yana fitowa da ɗan kore-kore, iska tana bugunsa yana rikiɗa shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi duhun da ake so. Wannan rikiɗar tana buƙatar ka riƙe hoto wuri ɗaya na daƙiƙa talatin ko fiye ba ka motsa ba, abin da yawancinmu ba ma iya haƙurin yi. Daga nan ka bi zanen zuwa wurin mabuga, inda ake dukansa da guduma ta itace a kan gungume har ya yi ƙyalli. Mutum biyu suna bugu, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, sautin kamar kiɗa. Wanda ya ɗora waƙar zamani a kan wannan sauti ya yi ɓarna.

Sauti ma shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Makirfon waya yana kwasar abin da ya fi kusa da abin da ya fi ƙara, wato numfashinka da janareton maƙwabci. In hira za ka yi da wani, ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga ya isa, a sa shi kamar taƙi ɗaya daga baki. In babu, ɗauki waya ta biyu, kunna rikoda, sa ta a aljihun gaban rigar mai magana, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, wannan tafin shi zai ba ka wurin haɗa sauti da hoto daga baya. Lokacin hunturu iska tana hura makirfo ta mayar da magana gurnani, sai a rufe shi da ɗan soso ko a juya wa iskar baya. A sa waya a yanayin jirgin sama, don kiran waya ɗaya yana iya yanke ɗauka a tsakiyar labarin da dattijo ba zai maimaita ba. Kuma a kowane wuri, kafin ka tashi, ka yi shiru ka ɗauki minti ɗaya na sautin wurin kawai: cinikin Kasuwar Kurmi, kiran salla daga masallatai uku a lokaci guda, karatun allo da daddare a gefen wuta.

Sauran saitin ba shi da yawa. A kwantar da waya in don ajiya ake ɗauka, a tsayar da ita in don TikTok ne, kuma in abu ɗaya za a zaɓa a kwantar, don ana iya yanko tsaye daga kwance amma ba a iya dawo da gefen da ba a ɗauka ba. Ingancin 1080 ya wadatar. Minti ɗaya yana cin wajen megabayit 100 zuwa 130 a yawancin wayoyi, awa ɗaya kenan gigabayit 6 zuwa 8, shi kuwa 4K yana ninka wannan kusan sau uku, ya kuma dafa waya. A bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, waya tana iya katse ɗauka da kanta, don haka a cire mata riga, a yi mata inuwa, kada a ɗauka tana jone da caji. Da daddare a ƙarƙashin fitilar lantarki, in ka ga hoto yana walƙiya ko layuka suna bi ta cikinsa, dalili shi ne wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wayar kuma tana ɗaukar hoto 30, sai a mayar da ita 25 in tana da wannan zaɓi. Ƙurar hunturu kuma kada a goge ta da bakin riga kai tsaye, yashi ne, yana karce gilashi. A hure tukuna.

Kowane abu a ɗauke shi sau uku: daga nesa don a san inda ake, daga tsakiya don a ga mai aikin, daga kusa don a ga hannunsa. Kowanne aƙalla daƙiƙa goma. Zum na yatsa ba ya kawo abu kusa, faɗaɗa hoton kawai yake yi, ƙafa ita ce zum.

Sai halittu, waɗanda mun ma fi mantawa da su, kamar birni ba shi da komai sai siminti. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san ungulu a mayanka da kan katangar kasuwa, har ana ƙyamarta. Yanzu yaro zai girma a Kano bai taɓa ganinta ba. A 2015 aka sanya irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da farautarta don haɗa magunguna da tsibbu. Ta ɓace a idonmu, ba mu da ko bidiyon yadda take sauka. Shamuwa tana nan tana zuwa gabanin damina, belbela tana bin shanu a bayan gari, shirwa tana shawagi a kan mayanka. Tsuntsu ba ya son a bi shi. A zauna tun bayan asuba kusa da inda yake sha ko yake kwana, a ɗora waya a kan dutse ko ƙafar kyamara, a bar ta tana ɗauka minti biyar, a yi kamar ba a san da shi ba. Haske mai kyau daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Magariba a nan ba ta jira, in rana ta faɗi cikin minti ashirin da 'yan kai duhu ya rufa.

Kududdufai ma haka. An haƙa su ne wajen ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama na unguwanni, yanzu ana cike su ɗaya bayan ɗaya ana gini a kai, in ruwan Agusta ya zo ya rasa wurin zuwa sai ya shiga ɗakunan mutane. A nan ne bidiyo yake tashi daga abin sha'awa ya zama hujja. Wanda ya tsaya a wuri ɗaya, ya jingina da turken lantarki ɗaya, ya ɗauki kududdufin unguwarsu minti ɗaya a kowane wata na shekara biyu, yana da abin da zai ajiye a gaban mai unguwa ko kansila wanda ba a musunsa, gani ya kori ji. Haka badala. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 tana zaizayewa, ana yankar ta ana kafa shago, har Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 wajen faɗaɗa titi kafin a sake gina wata. Wanda zai hau Dala ko Goron Dutse sau ɗaya a shekara, a rana ɗaya, ya juya a hankali ya ɗauki birnin gaba ɗaya, cikin shekara goma zai ga inda kore ya ragu da inda kwano ya cinye soro.

Akwai masu cewa duk wannan harkar 'yan neman suna ce, kuma ba laifinsu ba ne, sun ga abin da ya sa suka faɗa. Sun ga an cusa waya a fuskar wanda ya yi haɗari yana zubar da jini, an ɗauki almajiri yana cin ragowar abinci an sa kiɗan tausayi don a tara mabiya, an ɗauki matan aure a gidan biki ba su sani ba sai a Facebook suka ga kansu, aure ya girgiza. Wannan ba ƙaunar gari ba ce, cin mutuncin mutanensa ne. Ƙa'idar ba ta da wuya. Taro a fili, kamar hawa ko Takutaha ko Maukibi, ana ɗaukarsa a dunƙule. Amma da zarar fuskar mutum ɗaya ce za ta cika hoton, sai an tambaye shi, a kuma gaya masa inda za a sa. "Baba, sannu da aiki. Ina so in ɗauki yadda kake wannan aikin ne don a ajiye, zan kuma sa a intanet, ka yarda?" In ya ce a'a, a mayar da waya aljihu a ci gaba da gaisawa. In ya yarda, a sa ya faɗi yardarsa a farkon bidiyon. Yara sai da izinin iyaye ko malaminsu, har masu tashe da azumi, waɗanda kowa ke ganin kamar na kowa ne. Cikin gida da wurin mata, mace ce ya kamata ta ɗauka, da yardarsu, kuma wani bidiyon na ajiyar dangi ne, ba na duniya ba. Wanda yake ganin ɗaukar hoto bai dace da fahimtarsa ta addini ba a girmama shi, sau da yawa zai yarda a ɗauki hannunsa da muryarsa ban da fuska, kuma wannan ma ya isa. A kasuwa a fara da shugaban layi, a unguwa a fara da mai unguwa. Bariki da shingen jami'an tsaro ba wurin gwada kyamara ba ne. Sannan a koma a kai wa mutum bidiyonsa. Masu sana'a da yawa an ɗauke su sau ɗari ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, shi ya sa yanzu suke cewa sai an biya, kuma da gaskiyarsu.

To an ɗauka. Ina yake? Nan ne asarar ta fi yawa. Yawancin abin da aka ɗauka a Kano yana rayuwa ne awa 24 a sitatus, ko ya zauna a waya har ranar da ta faɗa ruwa, ko masu ƙwace suka karɓe ta, ko wuri ya cika aka share don a ɗauki wani biki. Wanda aka tura ta WhatsApp kuma an matse shi, ingancinsa ya zube, bayanin ranar da aka ɗauka ya goge. In dole sai ta nan za a tura, a tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba. Katin ajiya na jabu ya cika kasuwa, an rubuta 128 a jikinsa alhali cikinsa bai kai 16 ba, zai nuna kamar yana karɓa, sai ranar da aka buɗe a tarar fayilolin sun lalace. A gwada sabon kati ta hanyar cika shi da bidiyo a buɗe na farko da na ƙarshe kafin a amince masa. Ko na gaske ne ma, kati da filashi ba wurin ajiyar shekaru ba ne. Kwafi uku ake yi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje da ke wani gidan daban, ɗaya a intanet. Gigabayit 15 da Google ke bayarwa kyauta ba zai wuce awa biyu da rabi na bidiyo ba, amma YouTube yana karɓar mai yawa, kuma ana iya ɓoye shi sai wanda aka ba adireshin.

Suna kuma. Fayil mai suna VID da jerin lambobi marar gado ne. A sa masa shekara, wata, rana, wuri, da abin da ke ciki, misali 2025-08-14 Jakara bayan ruwan dare. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne, da ka danna ɗauka ka faɗa da bakinka: yau kaza ga wata, ina tsaye a wuri kaza, ina fuskantar gabas. Daƙiƙa biyar ce, kuma ko an canza sunan fayil sau goma tana nan manne.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba shi ne ajiyar da za ta wuce rayuwarsa, kuma wannan aikin hukuma ne. Kano tana da wuraren da suka dace: Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero. Ba sai an gina sabon bene ba. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, faifan ajiya biyu da ake kwafe ɗaya zuwa ɗaya duk mako, da ma'aikaci ɗaya da zai zauna ranar da aka sanar, duk mai bidiyon unguwarsu ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa. Kafin wayoyin ma akwai kaset-kaset na bidiyo na bukukuwa da naɗin sarauta da saukar karatu na shekarun 1980 da 1990 da ke cikin akwatuna a ɗakunan iyayenmu, zafi da laima suna cin su, na'urorin kunna su kuma suna ƙarewa a kasuwa, don haka da su ya kamata a fara. Takardar karɓa kada ta wuce tambaya biyar: wa ya ɗauka, yaushe, a ina, su wa ke ciki, kuma sun yarda kowa ya gani ko sai bayan shekara nawa.